Ƙanƙarar da ta yaudari masana

A bikin 'yar ƙanwata na ga wani yaro ya sa safar hannu, ya ɗebo fararen dunƙule ya zuba a ruwan zafi. Nan take hazo ya malalo ƙasa ya rufe ƙafafun amarya da ango. Busasshiyar ƙanƙara ce, wato iskar kabon dayoksaid da aka daskarar. Ba ta narkewa ta zama ruwa, daga ƙanƙara sai iska, a digiri 78.5 ƙasa da sifili. Jama'a na ta guɗa, ni kuwa hankalina ya tafi duniyar Mars, inda irinta ke lulluɓe ƙuryar kudu da ta arewa duk hunturu.

A watan Agusta na 1969 kumbon Amurka Mariner 7 ya gifta ta saman kudancin Mars. Na'urar da ke cikinsa ta auna hasken da ƙasar ke mayarwa, irin wanda ido ba ya gani, ta ga an shanye wani ɓangare nasa. George Pimentel, masanin sinadarai na Jami'ar Kalifoniya, ya fito ya ce alamar iskar metan da amoniya ce, iskokin da kan sa a yi zaton akwai rai. Bayan 'yan makonni ya janye. Da shi da abokan aikinsa suka daskarar da kabon dayoksaid mai kauri a ɗakin gwaje-gwaje suka haska shi, sai ga alamar nan tsaf.

Ban ga laifinsa ba, gaggawa ce kawai. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke tafa wa roka, mu manta da mutum irin Gary Hansen, wanda ya ɓata shekaru yana auna yawan hasken da wannan ƙanƙara ke sha da wanda take bari ya wuce. Ba don irin aikinsa ba, hoton kumbo ado ne kurum.

Awon ya nuna tsabtatacciyar ƙanƙarar kabon dayoksaid kusan kamar gilashi take. Da wannan awon wani masani, Hugh Kieffer, ya warware zancen wasu zane-zane masu kamar ƙafafun gizo-gizo a kudancin Mars: in hunturu ya wuce, rana na ratsa ƙanƙarar ta ɗumama baƙar ƙasar da ke ƙarƙashi, ƙasan ƙanƙarar ya koma iska, iskar ta taru ta rasa mafita, ta ƙwaƙule hanyoyi, sannan ta fasa ta yi tsiri da baƙar ƙura a kan farin fili.