Wai Haɗa Jita Da Na'ura Ne Ha'inci?

Jama'a, akwai wata magana da ke yawo tsakanin masu kiran kansu masoya "kiɗan asali", wadda ta daɗe tana ci mani tuwo a ƙwarya. Wai duk makaɗin da ya jona jitarsa da sintesaiza, wato na'urar ƙirƙirar sauti, ya hau dandamali da ita, to ha'inci ya yi, na'ura ce ke kiɗan ba shi ba. Ni kuwa na ce masu faɗin haka ba su san yadda abin yake aiki ba.

Bari in yi bayani a taƙaice. Ana manna wata 'yar na'ura mai kunne shida a ƙarƙashin tsirkiyoyin jita, kowace tsirkiya da kunnenta, irin GK-3 ta kamfanin Roland. Daga nan waya mai baki 13 ta kwashi motsin kowace tsirkiya ta kai wa akwatin da ke ƙasa, kamar GR-55 da ya fito a 2011. Akwatin ne zai gane muryar da aka taɓa, ya maida ita sarewa, ko ƙaho, ko goge. Abin ba yau aka fara ba. Tun 1977 Roland ya fitar da GR-500, kuma Pat Metheny na Amurka ya yi suna da GR-300 a faifansa Offramp na 1982, inda jitar ke kuka kamar kakaki.

To ina ha'incin? Na'urar nan ba ta rufa wa kowa asiri, tona shi ma take yi. In yatsanka ya goge tsirkiyar da ba ka nufa ba, jita zalla za ta haɗiye kuskuren, amma na'ura sai ta ɗauka ta busa shi da ƙarfi a lasifika, kowa ya ji. Ga kuma jinkiri. Tsirkiya mafi kauri tana karkarwa kusan sau 82 ne a daƙiƙa ɗaya, kuma na'urar da ke lissafin murya sai ta saurari karkarwar tukuna kafin ta amsa. Dole makaɗi ya koyi riga ganga da ɗan ƙiris, in ba haka ba kullum yana bayan kiɗa. Wanda hannunsa bai nuna ba, minti biyu ba zai yi ba za a gane shi.

Yanzu mu zo gida, inda gizo ke saƙar. Su waɗannan masu kishin asali, su ne za ka gani a gidan biki suna liƙi wa mawaƙin da ya miƙa wa DJ filash, ya riƙe makirufo yana motsa baki a kan muryar da aka naɗa a situdiyo. Babu mai ganga, babu mai jita, babu ko mai fiyano. Wannan bai dame su ba. Sai yaron da ya yi shekaru yana fasa yatsunsa a kan tsirkiya, shi ne mai ha'inci don ya ƙara waya ɗaya. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Kuma abin ya wuce gardamar fatar baki, maganar abinci ce. Tun da fiyanon Yamaha ya mamaye waƙoƙin finafinan Hausa, mutum ɗaya ke yin aikin mutum goma a ɗaki, sauran makaɗa suka koma zaman jira. Jitar da aka jona da na'ura hanya ce ta komawar makaɗi dandamali: mutum uku ko huɗu su cika fili da sauti, suna saurin kiɗa in 'yan rawa sun zabura, suna sassautawa in amarya ta shigo. Filash ba ya ganin amarya.

Masu cewa jita da na'ura ba sa jituwa su tuna cewa Mdou Moctar na Nijar, wanda yau yake zaga duniya da jitarsa, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, da gangar na'ura da muryar da kwamfuta ta gyara. Hakan bai hana shi zama gwani ba.

Na yarda kayan da tsada, wutar lantarkinmu kuma ba abin dogaro ba ce. Wannan uzuri ne mai ƙarfi, a kawo shi mu tattauna. Amma mai tafa wa motsa baki ba shi da bakin kiran kowa mai ha'inci. Duk wanda bai yarda ba, ga fili ga mai doki.