A ƙirga kwamfutocinmu, amma kada a leƙa asirinmu

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kulawar da ya saba. Mu nan Tamanrasset, inda da yawanmu kwamfuta 'yar gwanjo muke saye, maganar ta shafe mu. Mafita ga mai tsohuwar na'ura ita ce Linux, tsarin da Linus Torvalds ya fitar a 1991, wanda kowa zai iya kwafa kyauta, ya gyara, ya raba. To amma mutum nawa ne ke amfani da shi? Tunda ba sayarwa ake ba, babu rasit, ballantana rajista.

An daɗe ana neman dabara. A 1993 Harald Alvestrand na ƙasar Nowe ya buɗe Linux Counter, kowa ya rubuta kansa da kansa, sai dai wanda ya ji labari kaɗai ke zuwa. Kamfanin StatCounter kuwa ziyarar shafukan intanet yake ƙirgawa, kuma a 2024 ya nuna Linux ya haura kashi 4 cikin 100 na kwamfutocin tebur a duniya. Wannan awo yana ganin mai yawan hawa intanet ne. Malamin da ya sauke tsarin sau ɗaya, ya zuba a filashi, ya ɗora wa kwamfutoci ashirin a ɗakin karatu marar layi, sau ɗaya za a lissafa shi, in ma an lissafa. Haka abin yake daga nan har In Guezzam, Arlit da Agadez.

Wani zai ce, ina ruwanmu da lissafin? Da ruwanmu mana. Masu fassara manhaja da masu gyara ta, da yawansu 'yan sa-kai ne, kuma inda suka ga jama'a can suke kai ƙarfinsu. In ba a gan mu ba, wa zai damu ko ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa daidai a allon ɗalibina?

Na san dalilin ɗari-ɗarin mutanenmu. Bahaushe a wannan gari tsiraru ne, wasu baƙi ne masu neman na tuwo, kuma kalmar ƙidaya ba ta yi musu daɗin ji. Tsoronsu yana da tushe. Amma ƙirga daban, leƙen asiri daban. Sayyidina Umar ya kafa diwani don kowa ya sami haƙƙinsa, kuma Alƙur'ani a Suratul Hujurat ya hana bin diddigin asirin mutane.

Akwai hanyoyin da suka kiyaye wannan iyaka. Fedora, tun 2020, tana ƙirga na'ura sau ɗaya a mako lokacin da take neman sabuntawa, ba tare da ba ta lambar shaida ba. Debian tana da popularity-contest, wanda sai ka yarda kafin ya aika jerin manhajojin da ka sa. Ubuntu, tun 2018, tana nuna maka rahoton kafin ya tafi, har da harshe da yankin agogonka, kana iya cewa a'a.

Shawarata ga 'yan uwa malamai da masu gyaran kwamfuta: in kun ɗora wa mutum Linux, kada ku latsa masa "e" ko "a'a" a ɓoye. Ku buɗe rahoton, ku fassara masa da Hausa, ya zaɓa da kansa. Kwamfutocin makaranta kuwa, da izinin shugabanta, a jona su da intanet ko da sau ɗaya a zango, su sabunta, a san suna nan.