Kafin Mu Ɗauki Almakashi

 

Zancenmu na wannan wata ya samo asali ne daga abin da muka gani da idonmu. Wani maƙwabcinmu da ya dawo daga gudun hijirar da yaƙin 2023 ya jawo, ya tarar an kwashe masa kusan kome, sai wata tsohuwar adaka da aka raina. A cikinta akwai babban falle mai hotunan 'yan ƙwallo jere-jere, wanda marigayi mahaifinsa ya adana. Ɗansa kuwa ya ji labarin cewa a Amurka ana sayen irin waɗannan hotuna da kuɗi masu tsoka, sai ya ɗauko almakashi zai raba su ɗaya-ɗaya. Muka ce masa, “Yaro, dakata tukuna, gaggawa aikin Shaiɗan ce.”

To, bari mu bayyana yadda wannan harka take, don kada wani ya yi aikin da-na-sani.

Katunan 'yan wasa, a maɗaba'a ana buga su ne da yawa a kan falle guda, sa'an nan inji ya yanka su daidai wa daida. Masu tara su kan aika da su ga kamfanonin tantancewa, kamar PSA wanda aka kafa a 1991. Can za a duba abu huɗu: kusurwoyin katin, da gefunansa, da fuskarsa, da kuma ko hoton ya zauna a tsakiya. Sai a ba shi maki daga 1 zuwa 10, a rufe shi cikin roba mai garai-garai. Bambancin maki ɗaya tak yana iya ninka kuɗinsa.

Nan ne son zuciya ke shigowa. Mutum ya sami fallen da bai shiga inji ba, ya yanka da kansa, ko ya aske gefen tsohon kati don kusurwarsa ta fito sabuwa fil. Amma masu tantancewa ba barci suke yi ba. Suna auna tsawo da faɗi, suna duba bakin yankan da tabarau mai ƙara girma, domin sawun inji daban, sawun hannu daban. Katin da suka gane an rage masa gefe, PSA ba ta ba shi maki, iyaka a shaida cewa na asali ne amma an taɓa shi, darajarsa kuma ta faɗi.

Sai dai akwai katunan da tun asali ba a yanka su a inji ba. Misali, wata mujallar ƙasar Suwidin mai suna Hemmets Journal ta buga hoton ɗan dambe Cassius Clay a 1960, wato kafin ya zama Muhammad Ali, a falle guda tare da wasu 'yan wasa. Duk wanda aka gani shi kaɗai, da hannu aka yanke shi, kuma ana karɓarsa, a rubuta a jiki cewa yankan hannu ne. Ashe laifin ba a yankan yake ba, a ɓoye shi yake.

Ga shaida. Akwai katin wani ɗan wasan besbol mai suna Honus Wagner, wanda kamfanin taba ya riƙa sawa cikin kwalin sigari wajen 1909. A 1991 shahararren ɗan wasan hoki Wayne Gretzky da abokinsa suka sayi ɗaya a kan dala 451,000, PSA ta ba shi maki 8. A 2007 aka sayar da shi dala miliyan 2.8. Shekara da shekaru ana raɗe-raɗin an taɓa gefensa, har a 2013 dillalin da ya taɓa mallakarsa, Bill Mastro, ya amsa a gaban kotu cewa shi ya aske shi. A 2015 aka ɗaure shi wata 20 saboda zamba a harkar gwanjo. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Yanzu mu dawo gida. Ƙasar nan tana da tarihin ƙwallo abin alfahari. A Hartum aka buga gasar cin kofin Afirka ta farko a 1957, a nan kuma Sudan ta ɗauki kofin a 1970 bayan ta ci Gana ɗaya da nema. A 1989 Marrikh ta doke Bendel United ta Nijeriya ta ɗauki kofin Mandela. Da yawanmu mun tashi muna yanke hotunan 'yan Hilal da Marrikh daga jarida muna liƙawa a bango. Gaskiyar magana, yawancin abin da ke cikin adakokinmu ba zai yi kuɗi a kasuwar Amurka ba, ko an yanka ko ba a yanka ba. Darajarsa a wurinmu take. Falle cikakke yakan zo da sunan maɗaba'a da shekara da jerin 'yan wasa yadda suke tare. In aka daddatsa shi, wannan shaidar ta tafi har abada, a lokacin da yaƙi ya riga ya ci takardu da hotuna masu ɗimbin yawa.

Saboda haka shawararmu ita ce, wanda ya sami irin wannan falle ya bar shi yadda yake. A shimfiɗe shi tsakanin kwali biyu masu tsabta, nesa da rana da laima da gara, musamman mu da ke bakin Farin Nilu. Kada a sa masa gam, kada a naɗe. A ɗauki hotonsa gaba da baya, a nuna wa wanda ya san harkar kafin a yanke shawara. In kuwa an riga an yanka, to a faɗa wa mai saye gaskiya, domin algus ba ya albarka.

Shi dai yaron nan ya mayar da almakashi, fallen kakansa na nan lafiya lau.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.