Kafin Mu Ci Bashin Babur Mai Lantarki

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya zama haraji na biyu a kan malamin firamare. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 600 cikin watanni biyu, a 2024 kuma ta kai dubu. Mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 da gwamnatin Kano ta amince da shi ya rage raɗaɗi, amma malamin da ke kwana Rano yana koyarwa a Unguwar Gai ya san rabon da ɗan acaɓa ke ɗauka a ciki.

Shi ya sa wasunmu ke ganin lokaci ya yi da reshe zai nemo mana babura da adaidaita sahu masu lantarki, a riƙa cire kuɗinsu daga albashi. Hujjarsu ba ta da rauni. Abin hawa mai batir ba ya shan fetur ko dizal, ba a yi masa juyen baƙin mai, ba fulogi, ba kafireto. Maiduguri ta riga mu, domin gwamnatin Babagana Zulum ta sa motocin haya masu lantarki a titi tun ƙarshen 2023.

Sai dai arhar lantarki a tafiya take, tsadarsa kuwa a saye. Mai fetur yana biya kullum, kaɗan-kaɗan. Mai batir yana biyan kaso mafi tsoka tun ranar farko, ya sake biya ranar da batirin ya gaji, kuma zafin bazararmu yana rage wa batir kwana. Direban haya da ke jigila tun asuba har isha zai iya mayar da kuɗinsa, saboda kowace tafiya tana ajiye masa kuɗin mai. Malamin da zai je makaranta ya dawo sau ɗaya a yini zai daɗe bai ga riba ba, alhali ana ta yankar albashinsa.

Ga kuma babbar tambaya: ina za a yi caji? Wutar KEDCO a ƙauyukanmu baƙuwa ce mai zuwa ba sallama, ta tafi ba bankwana. Wanda ya tayar da janareta domin ya cika batir, fetur ɗin dai ya ƙona, ya ƙara da asarar da ake yi wajen mayar da shi lantarki.

Don haka ra'ayinmu shi ne reshe ya jingine batun bashi tukuna. Mu haɗa kai da ƙungiyoyin direbobi, mu nemi ƙananan hukumomin Rano da Kibiya su kafa wurin caji mai aiki da hasken rana a tashoshin mota, inda za a ba da batirin da ya ƙare a karɓi cikakke. A fara da 'yan haya, bisa sharaɗin rangwame ga malamai da ɗalibai safe da rana, a kuma horar da makanikai a nan gida, kada waya ɗaya ta tsinke a ce sai an kai Kano. Bayan zango ɗaya na karatu, a kawo mana lissafin abin da aka kashe a gaban taron reshe.