Ilimi Don Gida: Ƙwayar Kwalara Ta Iya Ƙirga

Ga damina ta kankama, fadamun Kebbe da na Tambuwal sun cika, rijiyoyi sun kawo ruwa har baki. Lokacin murna ne ga manomi, amma lokacin ne kuma amai da gudawa, watau kwalara, takan shigo gari. Ba mu manta da shekarar 2021 ba, sa'ad da ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000. Jihar Sakkwato tana cikin waɗanda suka ji jiki. A wannan wata ina so mu dubi wata dabara ta ƙwayar wannan cuta, gama wanda ya san halin ɓarawo shi ya san inda zai sa ƙyaure.

Sunanta a bakin likitoci Vibrio cholerae. Ƙanƙanuwa ce ƙwarai, sai an jera kamar 500 kafin su kai tsawon milimita ɗaya. Ba ta da ido, ba ta da kunne, ba ta da baki. Duk da haka takan san ko ita kaɗai ce a wuri, ko kuwa 'yan'uwanta sun taru. Ta yaya?

Ku tuna da gidan biki. In mace ɗaya ce ta shiga ɗaki da turarenta, da ƙyar a ji ƙanshi. In mata talatin suka cika ɗakin, ko makaho ya san an taru. To, haka kowace ƙwaya take fitar da ɗan wani sinadari, tana kuma shinshina na 'yan'uwanta. In ƙanshin kaɗan ne, ta san su kaɗan ne. In ya yi ƙarfi, ta san an yi yawa.

A shekarar 1970 ne wasu masana a Amurka, Kenneth Nealson da Woodland Hastings, suka lura da wannan ga wata ƙwaya ta cikin teku, wadda ba ta ba da haske sai ta yi yawa. Daga baya wata malama, Bonnie Bassler ta Jami'ar Princeton, ta bi sawun abin a ƙwayar kwalara. A 2007 ita da abokan aikinta suka gano ainihin sinadarin, wanda ake kira CAI-1.

Me ƙwayar take yi da wannan ƙirga? A cikinta akwai umarnin da ta gada, kamar littafi mai shafi kusan 4,000. Ba ta karanta shi duka a lokaci ɗaya. Ƙanshin nan ne yake faɗa mata shafin da za ta buɗe, da wanda za ta rufe.

Sa'ad da mutum ya sha ruwa marar tsabta, tsamin cikinsa yakan kashe ƙwayoyin da yawa. 'Yan kaɗan da suka tsira suka kai hanji sai su buɗe shafin zama. Su manne wa hanji, su manne wa juna, su fitar da dafin da yake tatse ruwan jiki. Nan ne gudawa take farawa, fara kamar ruwan wankin shinkafa. Amma da sun hayayyafa, ƙanshi ya yi ƙarfi, sai su rufe shafin zama, su buɗe na tafiya. Su saki hanji, su biyo gudawa waje, miliyoyi a cikin cokali ɗaya.

Kun gani ke nan, abin da yake fita daga marar lafiya ayari ne wanda ya ɗaure kaya, yana neman masauki na gaba. Masaukin kuwa rijiyarmu ce, da randarmu, da hannun uwar da take jinya.

Masana suna neman maganin da zai ruɗi ƙwayar, ta zaci an riga an yi yawa, ta fita ba ta yi ɓarna ba. Har yanzu aikin yana ɗakin bincike. Amma tare hanyar ayari yana hannunmu tun yau.

Kashin marar lafiya a zuba shi a masai, a rufe, kada a watsar a bayan gida inda ruwan sama zai kwashe shi. Kada a wanke tufafinsa a bakin rijiya ko tafki. A wanke hannu da sabulu bayan jinya, da kafin a taɓa abinci. Ruwan sha a tafasa shi. In itace ya yi wuya, a tace da tsohon zane mai tsabta, ninki huɗu. A ƙauyukan Bangaladash an gwada wannan, rahoton 2003 ya nuna kwalara ta ragu da kusan rabi. Tacewa ba ta kai tafasawa ba, amma da babu gara ba daɗi.

In kuwa cutar ta riga ta shigo gida, kada a jira gari ya waye, gama takan kashe ƙato cikin 'yan sa'o'i. A dama sukari ƙaramin cokali 6, da gishiri rabin ƙaramin cokali, kowanne a shafe bakinsa, cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa. A riƙa ba shi yana kurɓa, ana tafiya asibiti. Jariri kuma kada a hana shi nono.

Iyaye mata, ku karanta wa maƙwabta wannan shafi, gama rijiya ɗaya muke sha. Allah ya kai mu wata mai zuwa lafiya.