Ciyawar Teku Abinci Ce, Ba Ta Maye Gurbin Magani

A 'yan shekarun nan tallan kafso da garin ciyawar teku ya cika wayoyinmu. Ana cewa suna wanke jiki, suna hana tsufa, har ma suna warkar da sankara. Hujjar masu tallan ita ce antioksidan, wato sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga irin lalacewar da iskar oksijin ke jawowa, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe.

Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Wakame da kombu, waɗanda mutanen Japan da Koriya suka daɗe suna sawa a miya, suna ɗauke da fukozantin da wasu sinadarai masu wannan aiki. Sai dai yawancin gwaje-gwajen da ake kafa hujja da su an yi su ne a ɗakin bincike ko a kan ɓeraye, kuma abin da ya yi aiki a can ba lallai ya yi a jikin mutum ba.

An taɓa ganin haka da wani antioksidan ɗin. A 1994 aka fitar da sakamakon wani bincike a Finland kan maza masu shan taba kimanin 29,000. Waɗanda aka ba ƙwayar beta-karotin sun fi kamuwa da sankarar huhu.

Akwai kuma batun aidin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar maikrogiram 150 a rana, amma ɗan guntun busasshen kombu kan ninka wannan sau da yawa. Yawan aidin, kamar ƙarancinsa, yana rikita ƙwayar maƙogwaro, har ya kai ga maƙoƙo. Wani nau'in mai suna hijiki kuwa, tun 2004 hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta gargaɗi jama'a da su guje shi saboda gubar arsenik.

A ganina, wanda ya samu ciyawar teku a matsayin abinci ya ci daidai gwargwado. Mai juna biyu, mai shayarwa da mai ciwon maƙoƙo su tuntuɓi likita kafin su sha kafsonta. Kada mai ciwon suga, hawan jini ko sankara ya ajiye maganin asibiti saboda talla. Antioksidan ɗin da ake nema a teku yana cikin zogale, zoɓo, gwaba da lemo, kuma kuɗinsu bai kai na kafso ba.