Wasan Dodgers da Blue Jays: me ya sa sikirinshot ba ya isa hujja?

Ranar 1 ga Nuwamban 2025, a filin Rogers Centre da ke Toronto a Kanada, Los Angeles Dodgers ta doke Toronto Blue Jays da ci 5-4 a wasa na bakwai kuma na ƙarshe na World Series, wato gasar cin kofin manyan ƙungiyoyin baseball na Amurka da Kanada. Zagaye tara aka saba yi, amma wannan sai da ya kai na 11.

Inda magana take shi ne ƙarshen zagaye na tara. Ana kunnen doki 4-4, Toronto na neman maki ɗaya tak ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1993. Isiah Kiner-Falefa ya sheƙo da gudu zuwa farin faifan nan da ke ƙasa, wanda taɓa shi ke ba da maki. Miguel Rojas na Dodgers ya jefa wa Will Smith ƙwallo. A doka, idan ƙwallon na hannun Smith kuma ƙafarsa na kan faifan kafin mai gudu ya iso, an fitar da mai gudun. Alƙalin wasa ya ce an fitar da shi. Aka duba bidiyo, hukuncin ya tsaya.

Sai dai ƙafar Smith ta ɗan ɗaga sannan ta koma, kuma hoton lokacin da take sama shi ne ya yi ta yawo a shafukan sada zumunta. Duk wanda ya ga wannan hoton kaɗai zai rantse an cuci Toronto.

Lissafi kaɗan ya isa ya nuna matsalar. Galibin bidiyon da ke yawo a waya hoto 30 ne a daƙiƙa ɗaya. Ɗan wasan baseball a cikakken gudu yana cin kusan mita 8 a daƙiƙa. Ke nan tsakanin hoto da hoton da ke bi masa, mutum ya matsa da kusan santimita 27, alhali abin da ake gardama a kai bai kai haka ba. Ga kuma matse bidiyo da WhatsApp da Facebook ke yi don rage cin data, wanda ke dusashe bakin takalmi da gefen faifai, daidai wurin da ake buƙatar gani. Mai ɗaukar sikirinshot kuwa shi ke zaɓar inda zai tsayar da bidiyon, kuma ba kasafai yake zaɓar inda ƙungiyarsa ta faɗi ba.

Su kuwa masu duba bidiyo na hukumar MLB suna zaune a cibiyarsu da ke New York, suna kallon lamarin ta kusurwoyi da dama a hankali. Ƙa'idarsu ita ce ba a sauya hukuncin alƙali sai hujja ta fito ƙarara. Wannan ƙa'ida daidai ce, ko da tana ƙona ran magoya baya. Masu kallon gasar Firimiya ta Ingila sun san irin wannan takaici da VAR, kuma sun san yadda hoton satar gida guda ɗaya ke raba majalisa biyu har tsawon mako.

MLB ba ta tsaya nan ba. A Satumban 2025 ta amince cewa daga kakar 2026 ɗan wasa zai iya ƙalubalantar alƙali kan ko jifa ya bi ta inda ya dace, ta hanyar taɓa hularsa. Kyamarorin Hawk-Eye na kamfanin Sony, guda 12 a kowane fili, su za su bi sawun ƙwallon. Kowace ƙungiya na da dama biyu, kuma idan ta yi gaskiya ba a rage mata ko ɗaya.